Goma, Sifili Da Ɗaya: Masu Yi Wa Fuska Maki A Intanet

A watan Maris na 2019, 'yan matan ajin ƙarshe na wata makarantar sakandare da ke Bethesda a jihar Maryland ta Amurka suka gano wani jerin sunaye da ke yawo a wayoyin samarin ajinsu. 'Yan mata 18 aka jera, kowace da lamba a gaban sunanta. Ta ƙarshe an ba ta 5.5, ta farko 9.4, kuma wanda ya yi aikin bai tsaya ga cikakkun lambobi ba, sai da ya sa ɗigo ya ci gaba da tsinka makin ƙanana-ƙanana, don a san wadda ta ɗara 'yar'uwarta ko da ƙiris ne. 'Yan matan ba su haɗiye abin ba. Suka cika ofishin hukumar makaranta, aka kira taro ranar 8 ga wata, suka shafe fiye da awa biyu suna faɗar abin da lambobin suka yi musu, a gaban wanda ya rubuta su.

Ɗigon nan shi ne abin dubawa. Saurayi ya ce wance ta fi wance kyau, wannan tsohon zance ne, ko'ina a duniya ana yin sa tun kafin a haifi kakanninsa. Amma ya ce wance bakwai da ɗigo kaza ce, wannan wata da'awa ce dabam. Yana cewa ne ya auna, kuma abin da ya auna ɗin a jikinta yake, ba a idonsa ba.

A kan wannan da'awar aka gina wani yare sukutum a intanet, kuma yaren bai zauna wuri ɗaya ba. Duk bayan 'yan shekaru sai wasu su fito su ce tsohon ma'aunin ya lalace, ga sabo: na sifili da ɗaya, na lambobi uku, na 'yan wasan dara, na jarrabawar shiga jami'a, na 1 zuwa 8. Kowanne yana zuwa da alkawarin ya fi na baya faɗar gaskiya. Wanda ya bi tarihinsu a tsanake zai ga akasin haka. Yawan sauya sikelin shi ne babbar shaidar cewa babu wani abu tsayayye da ake aunawa, kuma duk lokacin da lissafin ya ƙara kama da kimiyya, ɓarnarsa ƙaruwa take yi.

Ma'aunin da kowa ya fi sani shi ne na 1 zuwa 10. Abubuwa biyu ne suka kafa shi a bakin Amurkawa. A gasar Olamfik ta 1976 a Montreal, wata yarinya 'yar Romaniya mai shekara 14, Nadia Comaneci, ta samu cikakken maki goma a wasan alkafura da lanƙwasa jiki, abin da masu haɗa allon sanarwa ba su yi tsammani ba, har allon ya nuna 1.00. Bayan shekara uku, a 1979, aka fitar da wani fim mai suna "10", inda wani mutum ya haukace a kan wata amarya da Bo Derek ta fito a matsayinta. Daga nan "goma" ta zama sunan macen da ba ta da makusa.

Intanet ce ta mayar da zancen majalisa ya zama sana'a. A watan Oktoba na 2000, wasu injiniyoyi biyu a Kalifoniya, James Hong da Jim Young, suka buɗe shafin Hot or Not. Mutum zai sa hotonsa, baƙi su ba shi maki daga 1 zuwa 10, kwamfuta ta haɗa ta fitar da matsakaici. Cikin mako guda shafin ya kai ana buɗe shi kusan sau miliyan biyu a rana. Jawed Karim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa YouTube, ya ambaci wannan shafi cikin abubuwan da suka ba su tunanin nasu. Kafin shekara goma sha biyar su wuce, yaren ya shiga har bakin masu neman mulki: a 2015 Donald Trump ya faɗa wa jaridar New York Times cewa Heidi Klum, fitacciyar mai tallan kayan ƙawa, ta daina zama goma. Ita kuma ta mayar da martani da ɗan bidiyo, inda aka yage takardar "10" daga rigarta, 9.99 ta bayyana.

Ba a daɗe ba masu amfani da ma'aunin suka fara ƙorafi da shi. Babu mai son ce wa abokiyar hirarsa 3, don haka kowa ya koma 7. Bakwan wannan kuma biyar ɗin wancan ce. Gardama ba ta ƙarewa.

Sai samarin da suka saba da kwamfuta suka kawo nasu maganin. Na'ura ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, to a yi haka: ko yana sha'awarta, 1, ko ba ya yi, 0. Wannan ma'auni yana da wata gaskiya da na goma ba shi da ita, domin ya amsa cewa ra'ayin mai magana ne kawai ake faɗa. Amma ya sayi gaskiyar da tsada, tunda ya taƙaita mutum gaba ɗayansa zuwa tambaya guda, kuma tambayar ba ta shafi komai ba sai sha'awar mai kallo. Wasu suka haɗa biyun suka fitar da na lambobi uku, wanda suke kwaikwayon lambobi ukun farko na wayar tarho a Amurka: ta farko makin fuska, ta tsakiya sifili ko ɗaya, ta ƙarshe makin jiki. Amfaninsa ga masu yin sa a fili yake. Saurayi zai iya ce wa abokinsa 817 a gaban yarinyar, ita tana tsammanin lambar wani gari ake nufi. Maganar da sai an ɓoye ta cikin lambobi kafin a iya faɗarta gaban mai ita, mai faɗarta ma ya san ba ta dace ba.

Akwai kuma na barkwanci zalla. A lissafin kwamfuta, idan aka rubuta ɗaya da sifili a jere, biyu ake nufi, don haka wani zai ce wa yarinya ita 10 ce, ta yi murmushi, sannan ya ƙara da cewa a lissafin kwamfuta. Tsofaffin 'yan boko suna da nasu da ya girmi intanet: tatsuniyar Girkawa ta ce saboda kyan Helen aka tura jiragen ruwa dubu yaƙin Troy, to sai suka ce kyan da zai tayar da jirgi guda shi ne milihelen ɗaya. A 2022 kuma TikTok ya cika da wasan "ita goma ce, amma…", inda ake ambato wata ɗabi'a, abokai su faɗi nawa makin ya ragu. Har ila yau ana jin Amurkawa suna cewa 6 a Los Angeles ita ce 9 a wani ƙaramin gari na tsakiyar ƙasar. Masu wannan magana sun rushe ma'aunin da bakinsu ba tare da sun lura ba, domin abin da ke sauyawa idan an hau jirgi ba awo ba ne.

Wanda ya fi su duka tasiri bai taɓa zama abin dariya ba, kuma mafi yawan waɗanda aka auna da shi ba su san an yi ba. Arpad Elo malamin fiziks ne ɗan asalin Hangari da ya rayu a Amurka, ya ƙirƙiro hanyar jera gwanayen ces, darar Turawa. Tsarin mai sauƙi ne: kowane ɗan wasa yana da maki, idan ya kayar da wanda ya fi shi sai ya samu ƙari mai yawa, idan na ƙasa da shi ya kayar da shi sai ya yi asara mai yawa. Hukumar wasan ta duniya ta karɓe shi a 1970, kuma tun 2018 FIFA ma da irinsa take jera ƙasashe a ƙwallon ƙafa ta maza.

A ƙarshen 2003, wani ɗalibin Jami'ar Harvard mai suna Mark Zuckerberg ya kwashi hotunan ɗalibai daga rumbunan gidajen kwanansu ba da izini ba, ya buɗe Facemash. Shafin yana nuna hotuna biyu gefe da gefe, mai kallo ya zaɓi wanda ya fi. Jaridar ɗaliban jami'ar ta ruwaito cewa mutum kusan 450 suka shiga, suka kaɗa ƙuri'a 22,000 kafin a rufe shi, shi kuma ya gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Bayan 'yan watanni, a Fabrairun 2004, ya buɗe Facebook. Fim ɗin da aka yi kan labarin a 2010 ya nuna ana rubuta lissafin Elo a jikin gilashin taga, kuma daga nan mutane da yawa suka fara jin sunan. Manhajar neman abokan soyayya ta Tinder ta ɗauki abin da gaske. A 2016 mujallar Fast Company ta bayyana cewa kowane mai amfani da manhajar yana da ɓoyayyen maki da ma'aikatan kamfanin ke kira da sunan Elo, kuma shugaban kamfanin na lokacin, Sean Rad, ya tabbatar. Duk wanda ya ja hotonka dama ya ƙara maka, wanda ya ja hagu ya rage, kuma jan wanda ke da babban maki ya fi nauyi. A 2019 kamfanin ya ce ya daina dogaro da wannan tsari.

Kuskuren aron a nan yake. A wasan dara akwai allo, akwai doka, akwai wanda aka ci a gaban kowa. Makin Elo yana hasashen wani abu ne da zai faru a zahiri, kuma ana iya gwada hasashen gobe. A tsakanin fuskoki biyu babu wasan da aka buga. Abin da aka ƙirga shi ne yatsan wani baƙo da ya kalli hoto na daƙiƙa ɗaya, wataƙila yana cikin mota, wataƙila hasken hoton ne bai yi masa ba.

Ba Amurkawa kaɗai ba ne. A Japan, ɗalibai suna girma ne ƙarƙashin wata lamba da ake kira hensachi, wadda ke nuna matsayin mutum a jarrabawar gwaji idan aka kwatanta shi da sauran: 50 shi ne tsakiya, mai 60 ya shiga sahun kashi 16 cikin ɗari na sama, mai 70 kuwa yana cikin kusan kashi 2. Da ita ake sanin jami'ar da yaro zai iya nema. Matasan ƙasar suka ɗauke ta suka ɗora wa fuska, har akwai manhajoji masu fitar da ita daga hoto. A China kalmar yanzhi, makin fuska, ta zama ruwan dare har 'yan kasuwa suna maganar tattalin arzikin da ya ginu a kanta. Kowace al'umma tana aro lambar da ta fi tsoro ne ta liƙa wa fuskar 'ya'yanta.

Tushen abin ma ya girmi kwamfuta. Francis Galton, Baturen Ingila kuma ɗan'uwan Charles Darwin, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa da ya fito a 1908 cewa yakan yi yawo a titunan biranen Birtaniya da 'yar takarda da allura a aljihu. Duk macen da ya wuce sai ya huda takardar a ɗaya daga wurare uku: mai kyau, tsaka-tsaki, ko mai muni. Ya ce Landan ce ta zo ta ɗaya, Aberdeen ta ƙarshe. Wannan mutumin dai shi ne ya raɗa wa aƙidar tace iri suna a 1883, aƙidar da ke cewa a ƙarfafa wa wasu haihuwa a hana wasu. Ba haɗuwar katsaham ba ce. Wanda ya yarda ana iya jera mutane a layi ɗaya daga mafi daraja zuwa mafi ƙasƙanci, bai da nisa da tambayar me za a yi da na ƙarshen layin.

Jikokin wannan tunani su ne masu ma'aunin PSL, kuma a nan ne lamarin ya daina zama wasa. Haruffan uku farkon sunayen wasu zauruka ne na intanet inda samarin da ke kiran kansu incel, wato waɗanda suka ce mata sun ƙi su ba da son ransu ba, suke taruwa. Na farkonsu an rufe shi ne a Mayun 2014, bayan da wani matashi mai shekara 22 da ke rubutu a cikinsa ya kashe mutum shida a Isla Vista ta Kalifoniya. Mutanen waɗannan zauruka sun ce ma'aunin goma na masu tausayi ne. Nasu yana tsayawa a 8, ana jibge mafi yawan mutane a tsakiyarsa, kuma kowane mataki da sunansa. Ɗaya daga na can sama ana kiransa Chad. Talakawan fuska an raba su gida uku. Na ƙasa kuwa sunan da ake kiran su da shi yana nufin ba su kai mutum ba.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne kayan aiki. Ba a cewa "ya yi kyau". Ana ɗaukar hoto a ja masa layuka, a auna karkatar gefen ido, faɗin muƙamuƙi, tazarar da ke tsakanin hanci da leɓe, fitowar haɓa, a fitar da hukunci da kalmomin likitoci. Akwai wani zaure a Reddit da ke da doguwar takardar ƙa'ida mai hotunan misali, inda ake iya korar mutum don ya ba wani makin da masu kula da wurin suka ga ya yi yawa. Yaro ɗan shekara 14 da ya shiga irin wannan wuri da hotonsa ba ya fitowa da ra'ayin wani, yana fitowa ne da abin da ya ɗauka sakamakon gwaji ne.

Daga kusan 2023 wannan yare ya fito daga lungunansa ya mamaye TikTok da sunan looksmaxxing, ƙoƙarin ɗaga makin fuska ta kowace hanya. Wani ɓangarensa babu laifi: wanka, aski, motsa jiki, barci a kan lokaci. Sai kuma mewing, manna harshe a saman baki da fatan muƙamuƙi zai fito, wanda aka samo daga sunan wasu likitocin haƙori biyu na Ingila, uba da ɗa, John da Mike Mew. Ƙungiyoyin likitocin haƙori sun ce babu hujjar da ta nuna yana sauya ƙashin fuska, kuma a 2024 hukumar da ke kula da aikin a Birtaniya ta soke sunan Mike Mew daga rajistarta. Can gaba akwai masu bugun ƙashin fuskarsu da abu mai tauri wai don ya warke da kauri, abin da likitoci suka yi ta gargaɗi a kansa, da masu tara kuɗin tiyatar muƙamuƙi ko ta ƙara tsawon ƙafa. Kusa da kowane mataki akwai mai sayarwa. Manhajoji irin su Umax suna karɓar hoto, su ba da maki ga fata da muƙamuƙi da sauran sassa, su nuna makin da mutum "zai iya kaiwa", sannan su nemi kuɗi. Wanda ya faɗa maka cutarka kuma shi ne mai shagon magani, ba zai taɓa ce maka lafiyarka ƙalau ba.

Shekaru da yawa mata ne ake yi wa maki, maza na riƙe da alƙalami. A 2016 Harvard ta soke sauran wasannin kakar ƙungiyar ƙwallon ƙafarta ta maza bayan an gano 'yan wasan suna rubuta rahoto mai lambobi a kan 'yan wasan ƙungiyar mata. A 2024 wata makaranta a Melbourne ta Ostireliya ta kori ɗalibai maza kan irin wannan jerin. Yanzu samarin sun juya alƙalamin a kan kansu, kuma ba su sassauta ba. Wannan ba daidaito ba ne, ƙaruwar waɗanda abin ya shafa ne.

Mai kare waɗannan lambobi yana da hujja, kuma bai kamata a yi kamar ba shi da ita ba. Zai ce kyau gaskiya ne, kuma yana da farashi. Tun 1972 binciken Karen Dion da abokan aikinta ya nuna mutane suna jingina kyawawan halaye ga masu kyan fuska tun kafin su buɗe baki. Masanin tattalin arziki Daniel Hamermesh, a littafinsa na 2011, ya ƙiyasta cewa a Amurka tazarar abin da mai kyau da mara kyau ke samu a tsawon rayuwar aiki ta kai kusan dala 230,000. Idan duniya tana yin wannan lissafi a ɓoye, in ji mai kare lambobin, me ya sa za a zargi wanda ya faɗe shi a fili?

Amsar ita ce, kasancewar kyau yana da tasiri bai sa ya zama abin da ke da tsawo ko nauyi ba. Teloli biyu su auna ƙugun mutum ɗaya da tef, lamba ɗaya za su faɗa, ko ɗaya yana son sa ɗaya yana ƙin sa. Mutum biyu su kalli fuska ɗaya, ba haka abin yake ba, kuma an gwada. A 2015 Laura Germine da Jeremy Wilmer da abokan aikinsu suka wallafa binciken da ya fara da mutum fiye da 35,000, sannan ya koma kan tagwaye: tagwaye masu kama ɗaya 547 da marasa kama 214, kowa ya ba fuskoki 200 maki. Suka samu cewa mutane suna yin tarayya a kusan rabin hukuncinsu ne kawai, sauran rabin na kowa nasa ne. Abin mamakin shi ne ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, suka tashi gida ɗaya, ba su cika haɗuwa a wannan rabin ba. Abin da ke gina shi shi ne rayuwar kowa shi kaɗai: fuskokin da ya saba gani, wanda ya taɓa kyautata masa, wadda ya fara so.

Alƙaluman shafukan soyayyar kansu sun faɗi haka. Masu PSL suna yawan kafa hujja da wani rubutu da shafin OkCupid ya fitar a 2009, wanda ya nuna mata sun sa kashi 80 cikin ɗari na maza ƙasa da matsakaici. Daga irin wannan ne maganar "80 da 20" ta yi ƙarfi, wato wai kashi 80 cikin ɗari na mata kashi 20 na maza kaɗai suke so, har ta fito a fim ɗin Adolescence na Netflix a 2025. Abin da ba sa karantawa shi ne ragowar rubutun: matan nan da suka tsaurara maki sun ci gaba da aika saƙo ga mazan da suka ba maki kaɗan, alhali maza, da suka fi adalci wajen ba da maki, sun tura kashi biyu cikin uku na saƙonninsu ga kashi ɗaya cikin uku na matan da ke sama. A 2011 shafin ya sake gano wani abu: matar da maza suka fi saɓani a kanta, wasu su ba ta maki mafi girma wasu mafi ƙanƙanta, ta fi samun saƙo a kan wadda kowa ya yarda tana da kyau daidai gwargwado. Matsakaicin makinsu zai iya zama ɗaya, amma rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Wani binciken na 2015, na Lucy Hunt da Paul Eastwick da Eli Finkel a kan ma'aurata da masoya 167, ya nuna cewa waɗanda suka fara soyayya jim kaɗan da haɗuwa sun fi zama kusa da juna a kyan fuska, amma waɗanda suka san juna watanni da yawa kafin nan, wannan daidaito yakan yi rauni ƙwarai. Lambar tana aiki ne a inda mutane baƙin juna ne, kuma tana mutuwa da zarar sun zauna sun yi hira.

Sauran tambaya ɗaya: fuskar wa ke zaune a saman sikelin? A 2016 wani kamfani ya shirya gasar kyau mai suna Beauty.AI, ya ce na'ura ce za ta yi alƙalanci don a kauce wa son zuciya. Mutum kusan 6,000 daga ƙasashe fiye da 100 suka aika hotuna. Cikin mutum 44 da suka yi nasara, kusan duka farare ne, mai baƙar fata guda ɗaya tak. Na'urar ba ta ƙirƙiro wariya ba, ta koye ta ne daga hotunan da aka horar da ita da su, ta dawo da ita sanye da rigar lissafi.

Nan ne zancen ya iso ƙofar gidan mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, domin TikTok ɗin da ke wayar yaron Maryland shi ne a wayar yaron Fagge. Kuma ba daga waje kaɗai abin yake zuwa ba. Duk wanda ke hawa Facebook ya ga shafukan da ke jera hotunan 'yan fim biyu su rubuta "wa ta fi kyau?" don tara tsokaci, wanda ba komai ba ne illa Facemash da hannu. Littattafan soyayya cike suke da "kyakkyawa ajin farko", a titi kuma ana jin "kalar gaban mota". Mun san kuma launin da aka fi ɗorawa a sama, mun san kuɗin da ake kashewa a kan mayukan bilicin, har hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a 2023 a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Al'ummar da ke fama da wannan ba ta buƙatar manhajar da za ta tabbatar wa yarinya da lamba abin da maƙwabta suka daɗe suna raɗa mata. Binciken cikin gida na kamfanin Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata sun ce idan suna jin ƙyamar jikinsu, Instagram yana ƙara musu.

Ba a ce a daina yabon kyau ba, kuma ko gasa ma ba dole ta zama haka ba. A Nijar da Chadi, samarin Woɗaaɓe suna yin kwalliya a bikin Gerewol bayan damina, su jeru suna nuna tsawo da farin ido da farin haƙori, 'yan mata ƙalilan da aka zaɓa su yi alƙalanci. Budurwa takan tako ta nuna wanda ya yi mata. Kowa ya ga wadda ta zaɓa, kowa ya san zaɓinta ne, kuma wanda ba a nuna ba yana komawa wurin shanunsa ba tare da wata lamba da za ta bi shi har shekara mai zuwa ba. Addini ma ya riga ya yi magana: aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana maza su yi wa maza izgili, ta hana mata su yi wa mata, ta kuma hana jifan juna da munanan laƙabi. Kiran yaro "uku" laƙabi ne, ko da an rubuta shi da alƙalumma.

Saboda haka malamin da ya kama irin wannan jerin a ajinsa kada ya ɗauke shi wasan yara, ya hukunta shi a matsayin cin zarafi. Masu manyan shafuka su daina jera 'ya'yan mutane ana kaɗa musu ƙuri'a. Uba ko uwar da suka ga ɗansu ya daɗe gaban madubi yana taɓa haɓarsa, ko 'yarsu ta daina yarda a ɗauke ta hoto sai da tacewar waya, su zauna da su, su tambaye su wane ne ya ba su maki, kuma me yake sayarwa.